Amsa: ma'anar "wind up" a harkar kamfani

Malam, ka tambaya ko "wind up" daidai yake da mutum ya kulle shagonsa a kasuwar Wunti ya tafi gida. A'a, ya wuce nan. Rushe kamfani ne gaba ɗaya, a tattara kadarorinsa a sayar, a biya masu bin bashi tukuna, in wani abu ya yi saura sai a raba wa masu hannun jari, daga nan a cire sunansa daga rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, shi ke nan ya mutu a idon doka. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ce ta tsara wannan, ko masu kamfanin su yi don kansu ko Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarni.

"Liquidate" ma kusan haka ne, sai dai shi ya fi karkata ga mayar da kadara kuɗi. Ka tuna bankin Heritage a 2024, da CBN ta ƙwace lasisinsa ai NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, aka miƙa wa wannan aikin.

Af, "waind" ake furtawa, ba irin "wind" mai nufin iska ba, in abin ya riga ya faru kuma "wound up" ake cewa, kar ka je gaban lauya ka ce "winded" ya yi maka dariya.