Makaman nukiliya shida sun yi sa'a 36 ba a san inda suke ba: wa aka hukunta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta cewa a 2007 wani jirgin yaƙin Amurka ya ratsa ƙasar ɗauke da makaman nukiliya shida, matuƙansa ma ba su sani ba. Abin ya tsaya mini a rai. Abokina ya ce in kwantar da hankalina, wai makamin ba ya tashi sai shugaban ƙasa ya ba da lambar sirri. Haka ne? Kuma an hukunta wani? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, abin da ka karanta ya faru, kuma ya isa ya tayar da hankali.

Ranar 29 ga Agusta 2007, a sansanin Minot da ke Dakota ta Arewa, aka fito da makamai masu linzami 12 samfurin AGM-129 za a kai su Barksdale a jihar Luwiziyana, domin an daina aiki da irinsu. Shida-shida ake ɗaura su a ƙarƙashin fukafukan jirgin B-52, kuma ya kamata a ce an cire musu kawunan nukiliya an sa na gwaji. Sai aka sauya jerin waɗanda za a ɗauka, takardar da ma'aikatan rumbu ke bi kuwa ba ta nuna sauyin ba. Shidan da aka ɗaura a hagu suna ɗauke da kai samfurin W80-1, wanda ƙarfinsa kan kai kiloton 150, ninki goma na bom ɗin Hiroshima.

A jikin kowane makami akwai 'yar tagar da ake leƙawa a ga irin kan da ke ciki. Ma'aikatan rumbu ba su leƙa ba, masu jan kaya ba su leƙa ba, cibiyar kula da makamai ba ta gwada lambobi da rajista ba. Jami'in jirgin ya duba na dama kawai ya sa hannu. Jirgin ya kwana a filin Minot, ya tashi da safe, ya sauka Barksdale, ya sake shafe kusan sa'a tara a ajiye kafin masu sauke kaya su gane da dare.

To, ga maganar abokinka, wadda na gaji da jin ta a bakin masu sharhin Facebook da WhatsApp. Makullin lambar sirri yana nan, amma aikinsa ɗaya ne tak: hana wanda ba shi da izini ya kunna makamin. Ba ya kashe gobara, ba ya hana jirgi faɗuwa, ba ya hana sata. Kan nukiliya irin wannan yana da filutoniyam, wato sinadarin nukiliya mai guba, a tsakiya, kewaye da nakiya ta yau da kullum. A ranar 17 ga Janairu 1966, B-52 ya yi karo da jirgin ba shi mai a saman ƙauyen Palomares na Sifaniya, bama-bamai huɗu suka faɗo. Babu wanda ya ba da wata lamba, amma nakiyar biyu daga ciki ta tashi ta watsa filutoniyam a gonakin mutane. Ƙasa fiye da tan 1,000 aka kwashe aka kai Amurka, bom na huɗun kuma sai bayan kwana kusan 80 aka tsamo shi daga teku. A 1968 haka ta sake faruwa a Tule ta Girinlan. A 1961 kuwa, a Goldsboro ta Karolina ta Arewa, jirgi ya tarwatse a sama da bama-bamai biyu, kuma takardar sirrin da aka buɗe a 2013 ta nuna cewa a ɗaya daga cikinsu ɗan makunni guda ne ya rage bai motsa ba.

Adalci a faɗa: W80-1 ya fi waɗancan tsoffin aminci, nakiyarsa ba ta saurin tashi, kuma yiwuwar fashewar nukiliya a wannan tafiya ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Amma duk tsarin tsaron an gina shi ne a kan sanin inda makamin yake. Da jirgin ya faɗi, 'yan kwana-kwana za su shiga wutar ne a matsayin gobarar jirgi kawai, ba wanda zai auna iska ko ya kwashe mazauna wurin. A ƙasa kuma, babu gadin musamman da doka ta wajabta. Wanda ya sace makami bai damu da lambarka ba, filutoniyam ɗin ciki yake so. Kuma lura: Minot ba ta taɓa gane cewa shida sun fita daga rumbunta ba, daga Barksdale aka sanar da ita. Masu yaɗa cewa wai shirin ɓoye ne na kai wa Iran hari su ma su huta, domin sun mayar da sakaci tsagwaro ya zama dabara, alhali binciken ya nuna mutane ne da suka saba tsallake ƙa'ida har ta daina zame musu ƙa'ida.

Batun hukunci, da fari an bi hanyar da aka saba. Zuwa Oktoba 2007 an sauke kwamandoji huɗu, an janye wa sojoji kusan 65 izinin taɓa makaman nukiliya. Manyan Washinton ba a taɓa su ba, sai da wani abin kunyar ya fito a Maris 2008: tun 2006 an aika wa Taiwan kayan kunna kan makami mai cin dogon zango samfurin Minuteman guda huɗu a maimakon baturan jirgi mai saukar ungulu, kuma Taiwan ce ta lura. A Yuni 2008 sakataren tsaro Robert Gates ya tilasta wa sakataren sojan sama Michael Wynne da babban hafsanta Janar Michael Moseley yin murabus a rana ɗaya. A 2009 aka kafa runduna guda mai hedikwata a Barksdale domin haɗa jiragen nukiliya da makamai masu cin dogon zango a ƙarƙashinta.

Wannan mataki ya cancanci yabo, amma cutar ba ta warke ba. A 2014, a sansanin Malmstrom na Montana, an samu jami'an harba makamai sama da 90 da hannu a satar amsar jarrabawar ƙwarewa ta wata-wata, aka sake sauke kwamandoji tara.