Tambaya da Amsa: Me ya sa oba-oba take yin shiru da an sauka rami?

TAMBAYA: Salam Malam, ni mai gyaran rediyo ne a Bukuru. Ƙanena yana haƙar kuza wajen Barikin Ladi, da sun sauka ramin sun ɗan sha kwana sai sabis ya ɗauke, na saya masa oba-oba ita ma shiru kake ji. Amma ai yaran Tailan da suka maƙale a kogo na ji an ce har magana aka yi da su, to wace irin rediyo ce wannan? Ko in ƙara wa tawa ƙarfi ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya tsare mana shi. Kar ka ɓata kuɗinka kan ƙarin ƙarfi, ba nan gizo yake saƙar ba, maganar zango ce. Kai da kake gyara ka san gajeren zango da matsakaici da FM, to duk yadda zango ya gajarce haka ƙasa da dutse suke saurin shanye shi, balle ƙasa mai laima irin ta damina. Duk yadda megahaz ya yi sama haka zango yake gajarcewa: FM tana tsakanin megahaz 88 da 108, oba-oba tana sama da haka, wayar hannu kuwa ta fi su duka, shi ya sa ita ce take fara mutuwa. A miƙaƙƙen rami oba-oba za ta ɗan taɓuka, da an sha kwana shi ke nan.

Masu shiga kogo a Turai sai suka koma can ƙasa, wajen kilohaz 87, kilo fa na ce ba mega ba. Igiyar wannan zangon tsawonta ya haura kilomita 3, tana iya ratsa dutse mai kaurin ɗaruruwan mitoci. To amma wa zai ɗauki eriya mai tsawon kilomita ya shiga kogo yana rarrafe? Dabarar farko ita ce a naɗe waya kamar gammo, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, maganaɗisu ne yake haɗa su, haka rediyon kogo ta Ingila mai suna Molefone take aiki. Daga baya aka gane ya fi nisa in an miƙa waya biyu hagu da dama aka kafa ƙarfe a ƙarshen kowacce cikin ƙasa mai danshi, sai ƙasar da kanta ta ɗauki saƙon, ni dai wannan dabarar tana burge ni wallahi. HeyPhone da John Hey ya ƙera haka take, Nicola ta Faransa ma haka, sunan wata mata ce da ambaliya ta ci a kogon Gouffre Berger a 1996.

Yaran Tailan kuwa a gyara labarin kaɗan. Su 12 'yan ƙwallo da kocinsu sun shiga kogon Tham Luang ran 23 ga Yunin 2018, ba wanda ya ji ɗuriyarsu sai 2 ga Yuli da masu ninƙaya 'yan Ingila suka iske su ido da ido. Masu ceton sun je da HeyPhone, amma saƙon yaran zuwa ga iyayensu wasiƙa ce da hannu, masu ninƙaya suka fito da ita. A Chile ma 2010, mahaƙa 33 a zurfin kusan mita 700, takarda suka fara maƙalawa a bakin injin haƙa, daga baya aka zura musu waya ta ramin.

To ka ga inda na nufa. Ramin kuza bai kai ko kusa da wannan zurfin ba, kuma irin waɗancan rediyo ba a kasuwar Taminus za ka same su ba. Nemi intakom mai waya ko tsohon tarho biyu da batir, ka ja doguwar waya tare da igiyar da suke sauka da ita, ka naɗe mahaɗan da kyau saboda ruwa, ka sa na ƙasan cikin roba mai murfi don laka. A bar mutum ɗaya a bakin rami wanda ba ya tashi ko'ina, su yi ƙa'ida duk bayan ɗan lokaci na ƙasa ya yi magana, in aka ji shiru kar a tsaya cewa ƙila batir ne, don gurɓatacciyar iska a rami ba ta ba mutum damar kira. Wayar kuma a duba ta kullum da safe, duwatsu suna cin bawonta.