Amsa ga 'yar uwar da ta yi haɗarin mota take fama da mugun mafarki

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da arziki, Allah ya kiyaye gaba, waɗanda suka rasu kuma Allah ya jiƙansu. Kin ce wata uku kenan da haɗarin, ciwon jiki ya warke amma kusan kullum sai kin yi mafarkin abin kin farka a firgice, mota kuma ko kusa da ita ba kya son zuwa, a gida wasu na cewa iska ce wasu na cewa ƙarancin tawakkali. Na ga mutane sun kawo miki addu'o'i da yawa, madalla, ni bari in ƙara da abin da na gani a kaina.

Ki fara cire wa ranki cewa kin zauce ko imaninki ne ya yi rauni. Likitoci sun san abin nan, PTSD suke ce masa, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan abin da ya sami mutum, yana kama sojoji, yana kama waɗanda aka yi garkuwa da su, yana kama irinmu da muka fito daga mota. A watan farko firgita da mafarki ba abin mamaki ba ne, yawancin mutane yana lafa musu da kansa. In ya wuce wata ɗaya yana hana ki barci da harkokinki, to ya zama abin nema wa magani, ke kuma kin kai uku.

Ni nawa a hanyar Kano zuwa Zariya ne, lokacin da ake aikin titin an haɗe masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya. Sharon muka hau daga Unguwa Uku, direba ya fito zai wuce tirela sai ga wata motar a gabansa, ya kauce, muka yi ta adungure. Hannu kawai na karye. Amma bayan an kwance ɗori abin da ya rage min ya fi karayar wahala, murfin tukunya in ya faɗi a kicin sai in ji gabana ya yanke, warin fetur kuwa ko na janareton maƙwabta ne sai zufa ta keto min, in na shiga mota dole-dole ƙafata ta dinga danna ƙasa ina taka birkin da babu shi, ni da ban ma iya tuƙi ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, jikin ne bai yarda an tsira ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne gudun motar nan da kike yi shi yake ciyar da tsoron. Duk ranar da kika fasa fita za ki ji sanyi a ranki, amma ƙwaƙwalwa sai ta rubuta cewa fasawar ce ta cece ki, gobe tsoron ya ƙaru. Kuma ba ina nufin a ɗauke ki a cusa a motar Legas ba wai don ki saba, masu yin haka ƙara ɓata lamarin suke. A hankali ake bi. Ni likitar da na gani cewa ta yi in fara da motar da take a tsaye. Motar yayana tana fake a ƙofar gida, in shiga baya in zauna, ƙofa a buɗe, inji a kashe, ƙafa ɗaya ma a waje. Zuciya ta yi ta dukan uku-uku, hannu na rawa, sharaɗin kawai kar in fita sai bugun ya fara sauka da kansa, kuma wallahi yana sauka, ba ya dawwama a sama. Da wannan ya daina damuna sai aka rufe ƙofa, sai aka tada inji ba a tafi ba, sai zagaya layi, sai cikin gari da rana, babban titi shi ne ƙarshe. Wani matakin kwana biyu na wuce shi, wani kuwa na daɗe ina maimaitawa. Ki samu mai haƙuri ya riƙa ja miki, ba mai yi miki dariya ko mai cewa haba ke kuwa ba.

Maganar mafarki. Abin da sunna ta koyar kin san shi, in kin farka ki yi tofi ta hagu sau uku, ki nemi tsari daga Shaiɗan, ki juya kwanciya, kafin barci kuma Ayatul Kursiyyu da ƙarshen Baƙara da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Ban taɓa bari ba. Inda mutane ke rikicewa shi ne batun kar a ba da labarin mugun mafarki, sai mace ta je gaban likita ta yi gum. Na tambayi malaminmu na Islamiyya ya ce bayyana wa mai magani ciwonki daban ne da zama ana baza labari a tsakar gida. Kuma wannan ai ba mafarkin da ke neman fassara ba ne, abin da ya riga ya faru ne yake dawowa.

Akwai dabarar da aka koya min, da farko raina ta na yi. Da rana, ba da dare ba, ki ɗauki biro ki rubuta mafarkin amma ki canza masa hanya. Nawa kullum a daidai fitilar motar da ke tahowa yake tsayawa, sai na rubuta cewa direba ya koma bayan tirelar, mun wuce Kwanar Ɗangora, mun tsaya an sayi rake, mun sauka lafiya a Zariya. Sai ki rufe ido ki yi ta kallon sabon labarin a ranki kamar minti 10 zuwa 20 kullum. Ba a dare ɗaya yake aiki ba, makonni yake ɗauka, ni dai sai na ga mafarkin ya fara yin nisa da juna, in ya zo ma ba ya tada ni da ihu. In kuma kin farka cikin dare kar ki kwanta kina kokawa da shi a duhu, kunna fitila, taka ƙasa, sha ruwa, faɗa wa kanki yau wace rana ce kuma a ɗakinki kike, ki ja numfashi kina ƙirga 4 ki sake shi a hankali kina ƙirga 6. Shayi mai kauri da kofi da goro ki bar su daga la'asar. Bidiyon haɗari da ake turowa a WhatsApp kuwa ko buɗewa kar ki yi, ni har yau ban gane ladan da masu turawa suke nema ba.

Don Allah kar ki je kemis a haɗa miki maganin barci. Baliyam da danginsa za su kwantar da ke yau, amma ba sa warkar da wannan ciwon kuma jiki yana sabawa da su, mata nawa ne suka shiga shaye-shaye ta wannan ƙofar. Asibiti za ki je. Na san da an ce Dawanau, asibitin masu taɓin hankali na Kano, sai kowa ya zaro ido, to ba dole sai can ba, asibitin Malam Aminu Kano akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa, asibitin koyarwa na Shika a Zariya ma akwai, Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya. Ki ce musu haɗari kika yi kuma kina son ganin mai ba da magani ta hanyar zama da tattaunawa, galibi zama 8 zuwa 12 ake yi. In sun ga da buƙatar ƙwaya su za su rubuta, ita ma tana ɗaukar makonni kafin a ji aikinta, kar ki sha kwana biyar ki ce ba ta yi ba ki watsar. Ruƙiyya kuma ba ta hana asibiti, ki haɗa.

Kin ambaci cewa wadda ke kusa da ke a motar ta rasu. Idan tunanin me ya sa ita ba ni ba yana cin ki, shi ma ki faɗa wa likitan, yana cikin ciwon. In har ya kai kina jin gara ma ki mutu, wannan kar ki jira ranar ganin likita, ki gaya wa wani na jikinki yau a kai ki.

Sai tambaya ɗaya da ba ki yi bayani ba, kanki ya bugu a haɗarin? Kin suma? Don in akwai ciwon kai da ba ya tafiya, ko jiri, ko amai, ko mantuwa da ba ki saba ba, ki fara da wannan a duba kan tukuna. Ki amsa a nan ko ki bi ta wajen admin ta haɗa mu, ki faɗa min garin da kike.