Bugun zuciyata ya sauka zuwa 54, ko tsayawa za ta yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah a taimaka min. Shekarata 33, bayan na haihu ƙafafuna suka kumbura numfashi yana min wahala ko kwanciya bana iyawa sai na jingina, aka min hoton zuciya aka ce ciwon zuciya ne na bayan haihuwa, aka ɗora ni kan carvedilol da digoxin da Lasix. Alhamdulillah kumburin ya saɓe amma yanzu in na sa na'urar awon jini ta gida bugun 54 yake nunawa wani lokacin 52, alhali da sama da 100 yake. Wallahi bacci ya gagare ni, gani nake ina runtsawa za ta ci gaba da raguwa har ta tsaya, shi ya sa na daina shan carvedilol ɗin dare. Bana jin jiri dai. Maman Ummi, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Ummi, Allah Ya ba ki lafiya Ya raya abin da aka samu. Gaskiya abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonki shi ne maganin daren nan da kika ajiye, 54 ɗin da sauƙi. Ki daure gobe ki koma wajen likitanki ki faɗa masa kai tsaye cewa kin rage, kar ki ji kunya, shi zai san yadda zai maida ke a hankali. Irin wannan maganin in aka yanke shi farat ɗaya zuciya na iya ɗaukar gudu fiye da da, kumburi da haki su dawo.

Toh ga abin da ke faruwa. Bugun babba mai lafiya in yana zaune tsakanin 60 zuwa 100 ne a minti ɗaya. Zuciyar da ta yi rauni sai jiki ya dinga zuba mata sinadarin adirenalin yana tilasta ta gudu, kamar jakin da ya gaji da kaya ana ta ƙara masa bulala, shi ya sa kika ga 100 da wani abu a da. Aikin carvedilol ya tare wannan sinadarin domin zuciyar ta samu sararin cika da jini tsakanin bugu da bugu ta kuma farfaɗo, wato da gangan aka saukar da bugun. Mai shan sa in yana tsakanin 50 da 60 kuma babu jiri babu suma, yawanci ba ma taɓa maganin. A cikin bacci kuwa ko mai lafiya garau nasa yana sauka ƙasa da haka, da ya farka ya koma daidai.

Maganar tsayawar zuciya, na san tsoron nan yana cin rai musamman ga uwa mai goyo. Amma mafi yawan tsayawar zuciya ta farat ɗaya a masu raunin zuciya daga bugu mai sauri ne wanda ya hargitse, zuciyar ta koma karkarwa ta kasa tura jini, kuma carvedilol yana cikin magungunan da aka tabbatar suna rage irin wannan mutuwar.

Inda nake so ki sa ido sosai shi ne digoxin, dan shi ma yana rage bugu kuma tazarar da ke tsakanin amfaninsa da illarsa ƙarama ce. Ta ƙoda yake fita, ga Lasix yana fitar da ruwa da sinadarin fotashiyam ta fitsari, to in aka haɗa da zafin Kano ko amai ko gudawa sai digoxin ɗin ya taru a jini. Alamarsa tashin zuciya, rashin son abinci, ganin abubuwa sun yi rawaya-rawaya, ko bugun yana tsallake. Ki roƙi a yi miki ECG (awon da ke zana yadda zuciya ke bugawa) da gwajin ƙoda da fotashiyam, ki tafi da duk maganin da kike sha har na gargajiya.

Na'urar gida takan yi kuskure in bugun ba a jere yake ba, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa ki ƙirga minti guda cif, sau ɗaya da safe ya isa, ki rubuta a takarda. In yana zama ƙasa da 50 ki sanar da likita a ranar. In kuwa ya kai 40, ko kika ji jiri mai ƙarfi, ko kika suma, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya ƙi, ko cikin dare ne a kai ki asibiti, kar a jira ranar kilinik.

Sannan dan Allah ki haƙura da kunun kanwa da yawan gishiri ko da su Hajiya sun matsa, suna tara ruwa a jiki. Ki kuma tattauna tazarar haihuwa da likitanki da maigida, kar a samu wani cikin kafin hoton zuciya ya nuna ta dawo da ƙarfinta.