Notin juyen mai ya ƙi kwancewa, kansa ya fara cinyewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur Boxer da nake zuwa aiki da shi a Zariya. Na yanke shawarar in riƙa yin juye da kaina, don sau biyu ana zuba mini baƙin man da ban yarda da shi ba. Jiya na zo kwance notin ƙasan inji ya ƙi motsi, na yi ta matsa masa har gefen kansa ya fara cinyewa. Wani ya ce in sa kurfi da guduma, wani ya ce in kai wa mai walda ya gasa shi. Ina tsoron fasa injin, ga shi lokacin juyen ya wuce. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka. Ƙarin kwana biyu da tsohon mai ba zai kashe injin ba, amma guduma ɗaya a inda bai dace ba za ta iya tsaga shi. Ajiye sifanar nan mai buɗaɗɗen baki, ita ce ta cinye maka kan notin, domin gefe biyu kawai take kamawa. Nemo soket, wato sifanar da ke rufe kan noti gaba ɗaya, mai kusurwa shida daidai da kan. A yawancin ƙananan babura lamba 17 ne, amma ka gwada, kada ya yi lilo ko kaɗan.

Tayar da babur ya yi minti 5, sannan ka kashe. Jikin inji alminiyam ne, noti kuwa ƙarfe, kuma alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka ɗumin nan kaɗai yana sassauta riƙon. Tabbatar da inda kake juyawa. Mutum yana tsugune a gefe, noti yana kallon ƙasa, sai hagu ta koma masa dama, ya yi ta ƙara ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Ka leƙa kan notin ido da ido, ka juya saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. Danna soket ɗin sama da hannu ɗaya don kada ya zame, ka bugi ƙarshen hannun sifanar da tafin ɗaya hannun. Bugu mai kaifi ya fi jan da ake yi a hankali. Kada ka ɓata kuɗi kan man feshi irin WD-40 a nan: wannan noti cikin mai yake kwana, ba tsatsa ce ta riƙe shi ba. Idan kan ya riga ya zama da'ira, a doka masa soket lamba 16 a hankali har ya shige. In hakan ya gagara, mai walda ya liƙa wani noti a kansa, bayan an rufe fetur, an cire tanki da batir. Gasa jikin inji da wuta ga fetur a sama, wannan ban yarda da shi ba.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Notin nan ba da kansa ya ƙi fita ba, wani ne ya ɗaure shi kamar yana ɗaure tayar tirela. Kullum sai na ji an ce wa yaron gareji, "Ɗaure shi tamau kada ya yi yoyo." Yaro ya zura bututun ƙarfe a sifana, wani ma ya taka da ƙafa, mai babur yana tsaye yana jin daɗi an yi masa aiki mai kyau. Ba ƙarfin ɗauri ke hana yoyo ba. Washa ce, 'yar zoben nan ta alminiyam ko jan ƙarfe da ke tsakanin noti da jikin inji. An yi ta ne don ta lotsa sau ɗaya ta toshe wurin. Da ta lotsa ta gama aikinta. Sai a mayar da tsohuwa, mai ya ɗiga, a ƙara ɗauri, ya sake ɗiga, a ƙara. Ƙarfe ya fi alminiyam tauri, saboda haka noti ba ya jin komai, tiredin jikin inji, wato layukan cikin ramin da noti ke kamawa, shi ne ke tsinkewa kaɗan-kaɗan, har ranar da noti zai yi ta juyawa bai kama ba.

A nan ne masu gyaran gangan ke shigowa. Wani ya naɗa zare ko leda, wani ya shafa gam, ya karɓi kuɗinsa ya ce ka tafi, babu komai. Akwai komai. An taɓa turo mini babur da notinsa ya faɗi a kan titi bayan irin wannan aikin. Lita guda ce kacal a cikin injin, cikin ɗan lokaci ta tsiyaye, kuma tayar baya ita ce ta bi ta kai. Injin ya buga, mai shi ya sha ƙasa da goyonsa. Allah ya kiyaye, rauni kawai suka samu. Wanda ya shafa gam ɗin yana can yana yi wa wani. Wannan cin amana ne, ko da an yi shi cikin rashin sani, domin wanda ya ba ka babur ransa ya ba ka. Idan tiredi ya lalace, a kai wa masu yanka sabon tiredi su sa noti mafi kauri, ko su dasa Helicoil, wata naɗaɗɗiyar waya da ke zama sabon tiredi a cikin ramin.

Kai kuma, da notin ya fita kada ka mayar da shi. Sayi sabo da washa biyu ko uku ka ajiye. Ka fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna. In ya cije tun farko, a karkace ya shiga, fito da shi. Sannan ka ƙara da gajeriyar sifana, hannu ɗaya, har ka ji washa ta kwanta. Ga mai sifanar awon ƙarfin ɗauri, littafin babur ɗin zai ba ka adadin. Zuba man babur mai alamar JASO MA, domin kulocinka cikin mai yake, wasu mayukan mota kuma suna sa shi santsi. Tayar da inji, ka kashe, duba awon mai, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana. Da safe ka duba ko akwai ɗigo.