Tsohon fedal ɗin wah: a saya ko a bari, a gyara ko a sauya kayan ciki?

Tambayoyin wannan karon duk sun taru a kan fedal ɗin wah, wanda mai jita ke takawa da ƙafa sautin ya riƙa buɗewa yana rufewa. Mun haɗa masu kama da juna wuri guda.

Sanusi, unguwar Zariya: Wani mai kayan gwanjo ya kawo Cry Baby daga Kwatano, ya ce na 1967 ne, yana neman jika arba'in. In saya?

Malam Sanusi, kada shekarar da ya faɗa ta ɗauke maka hankali, juya fedal ɗin ka duba gindinsa. An ƙirƙiro wah a 1966 a kamfanin Thomas Organ da ke Kalifoniya, inda wani injiniya mai suna Brad Plunkett ya ciro dabarar daga cikin amfilin Vox, aka shigo da shi kasuwa a 1967. Na farkon suna ɗauke da hoto ko sa hannun Clyde McCoy, wani mai busa ƙaho, a farantin ƙasa. Da yawa daga cikin tsoffin a Italiya kamfanin Jen ya ƙera su, kuma an rubuta haka a jiki. A farkon shekarun 1980 sunan Cry Baby ya koma hannun Dunlop, shi ne mai fitar da GCB-95 har yau. Idan ka ga sunan Dunlop, ko ka ga kafar adafta da aka yi tun daga masana'anta, to ba na 1967 ba ne, ko mai kayan ya yi rantsuwa. Kusan duk wanda ke shigowa cikin gwanjo Dunlop ne, kuma ba laifi ba ne, fedal ne mai ƙarko. Sai dai a saye shi da kuɗin Dunlop na hannu. Duba farashin sabo a intanet da yuro, ka ninka da 656 don ka samu kuɗin da sefa, ka san inda za ka fara tayi.

Kada ka biya sai ka gwada. Tafi da jitarka, da waya biyu, da sabon pil mai bolt 9. Danna gaban fedal ɗin har makunni ya yi ƙas, ka kaɗa tsirkiya ɗaya, ka taka a hankali daga diddige zuwa yatsu. Sautin ya tashi daga mai kauri zuwa siriri ba tare da ya yanke ba. Daga nan kwance ƙafafun roba huɗun nan, su ne ke riƙe da farantin ƙasa, ka leƙa ciki. Abin da kake nema shi ne bobin, wani ɗan dunƙulen naɗin waya mai ƙarfin milihenri 500 ko kusa da haka. Shi da allon da yake zaune a kai su ne darajar fedal ɗin. Ƙarce-ƙarce, makunni mai gardama, robar takawa da ta saɓule, duk ana gyara su da kuɗi kaɗan, dalilin rage farashi ne kawai. Amma allon da ruwan pil ya cinye har ya yi kore, ko gurbin bobin da aka cike da wani abu daban, wannan ka bar wa mai shi kayansa.

Laminu, Tibiri: Nawa yana ƙarce-ƙarce duk sanda na taka, tun lokacin hunturu. Mai gyaran rediyo ya ce zai sa mini bolim ɗin rediyo a ciki. Zai yi?

Zai yi na ƴan makonni, daga nan ka dawo inda ka fito. Bari mu bi abin dalla-dalla, don wannan ita ce cutar da ta fi damun wah a garinmu.

A ƙarƙashin matakin akwai sanda mai haƙora da ke leƙawa cikin akwatin ta wata kafa, tana juya ɗan gare mai haƙora da ke kan bolim. Kafar nan a buɗe take, ta nan ƙurar hunturu ke shiga, ta zauna a kan layin gawayi da ke cikin bolim ɗin, harshen ƙarfen da ke gogarsa ya riƙa tsalle a kanta. Tsallen nan ne kake ji a lasifika. Ka fara da wanki kafin ka yi maganar saye. Nemi feshin wanke kayan lantarki, wanda masu gyaran waya da talabijin ke amfani da shi, ka fesa sau ɗaya ko biyu ta kafar da ke kusa da ƙafafun bolim uku, ka taka fedal ɗin sau talatin zuwa arba'in, ka bar shi minti goma ya bushe. Ban da fetur, ban da baƙin mai, ban da feshin kwance noti mai tsatsa. Waɗannan suna barin maiƙo, maiƙo kuma ya kama ƙura fiye da da. Wasu bolim ɗin a liƙe suke ruf, feshi ba ya shiga. Su ba su da magani sai sauyi.

In ka wanke bai daina ba, akwai gwaji ɗaya da masu gyara ke yawan tsallakewa. Sa pil, cusa waya a kafar shiga, ka ɗora mita a kan awon bolt na pil, baƙin tsinke a jikin akwatin, jan a kan ƙafafun bolim ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata ka ga sifiri ko kusa da shi. Idan wuta na zaune a wurin, ɗaya daga cikin kafasita biyu masu 0.22 mikrofarad da ke tsare bolim ɗin ce ke yoyo, kuma ko sabon bolim ka sa zai yi ƙarce. Sauya kafasitar tukuna.

Idan layin gawayin ne ya goge, sai sabo. Na wah 100k ne, wato om dubu ɗari, amma lambar kaɗai ba ta isa ba. An yi shi don ƙafa, ya jure juyi dare da rana, sandarsa ta dace da garen, kuma yadda ƙarfinsa ke hawa daban yake da na rediyo. Na rediyo yakan tara duk canjin sautin a ɗan wuri guda, sauran takun ya zama banza. Sunan da za ka faɗa wa mai yi maka oda shi ne Hot Potz na Dunlop, ko irin ICAR idan fedal ɗin ɗan Italiya ne. Ba kasafai ake samunsu a shagunanmu ba, sai a sa mai zuwa Kano ko Yamai ya nemo, ko a yi odarsu daga waje. Jiran ya fi sauƙi a kan gyara sau biyu.

Wurin ɗaurawa nan ne ake yawan kashe sabon bolim. Kafin ka cire komai ɗauki hoton wayoyin uku da wayarka. Liƙa su da dalma a inda suke, ka ɗaure notin. Sassauta sukurun robar da ke danne sandar haƙora, ka janye sandar daga garen. Danna matakin gaba har ƙarshe, ka juya bolim ɗin da hannu har ya tsaya ta ɓangaren siririn sauti, sannan ka dawo da shi baya haƙori ɗaya kafin ka mayar da sandar. Haƙorin nan ɗaya shi ne ke hana nauyin jikinka sauka a kan bolim ɗin duk sanda ka danna makunni. Wanda ya manta da shi, a dare ɗaya zai iya karya matsayar ciki. A ƙarshe shafa farin giris kamar ƙwayar gero biyu a haƙoran, ka goge rarar. Kuma ka ɗinka wa fedal ɗin jaka, ya riƙa kwana a ciki.

Wani makaɗin coci, Sabon Gari: Sauti na fita, amma in na taka ƙara kawai yake hawa yana sauka, ba ya yin wah ko kaɗan.

Ɗan'uwa, cikin abu biyu ɗaya ne. Na farko, kuma shi muka fi zato, kafasita mai 4.7 mikrofarad da ke kusa da bobin. Irin mai ruwa ce a ciki, shekaru da zafin bazara suna busar da ita, in ta bushe fedal ɗin ya koma na ƙara da rage sauti kawai. Duk mai gyaran rediyo yana da ita. A sa mai bolt 16 ko sama, ƙafarta mai alamar ragi ta tafi ƙasa, wato layin da ke haɗe da jikin akwatin. Na biyu bobin ya tsinke. Cire pil, ɗora mita a kan om, ka auna ƙafafunsa. Lafiyayye yana nuna ƙasa da om 100. In ka ga dubbai, wajen 33k, resistar da ke gefensa kake aunawa, shi ya yanke. Kafin ka yanke ƙauna sake narka dalmar ƙafafunsa, don sau da yawa nan ne ta tsage saboda girgizar hanya. Kada ƙarfen dalma ya wuce daƙiƙa uku a kan kowace ƙafa, wayar ciki ta fi gashi siranta. In ya mutu da gaske akwai sabon bobin Fasel, ja ko rawaya, kuma ka ajiye tsohon, kada a jefar.

Hajiya Rabi, mai hayar kayan kiɗan biki: Yarana sun ce ko an kashe fedal ɗin yana dusashe sautin jita. In sayi sabo ne?

Hajiya, gaskiya suka faɗa miki, amma ba lalacewa ba ce, haka aka yi tsoffin. Makunninsu mai ƙafa uku ne, ko an kashe, allon na nan rataye da sautin jitar yana shanye kaifinsa. Wajen 1990 Dunlop ya ƙara taranzista ta uku a bakin shiga don rage wannan. Maganin tsohon shi ne makunnin ƙafa mai ƙafafu shida. Wayar kafar shiga ta tafi tsakiyar layi ɗaya, ta kafar fita ta tafi tsakiyar ɗayan. Ƙafafu biyu na gefe guda, ɗaya zuwa mashigar allo, ɗaya zuwa bolim. Biyun ɗaya gefen a haɗe su da guntuwar waya. Aikin rabin awa ne. In bayan haka sautin wah ya yi ƙasa da na jita zalla, a sauya resistar shiga daga 68k zuwa 47k. A lura da tsayin makunnin, noti biyu ne ke saita shi: in ya yi sama zai riƙa kashe kansa ana cikin kiɗa, in ya yi ƙasa sai an hau da dukan jiki.

Amma tun da kayanki na haya ne, yau hannun wannan gobe na wancan, shawararmu ki sa sabon GCB-95 cikin kayan fita, tsohon ya zauna wajen mai jitar da kika yarda da shi.

Bashir, Tasawa: Pil na da tsada. In sa cajar waya ko adaftar dikoda? Kuma me ke sa shi gurnani a wurin biki?

A'a, ƙane. Cajar waya bolt 5 ce, ta dikoda galibi 12, kuma tsakiyar bakinta tarawa ne, alhali fedal na zamani tsakiyarsa ragi yake so. Tsoho ba shi da kariya, juya masa wuta sau ɗaya na iya kashe kafasita ko taranzista. Wah ba shi da cin wuta, wajen miliamfa 1 yake ja, pil mai kyau zai yi ɗaruruwan awoyi. Abin da ke cinye maka pil shi ne barin waya a kafar shiga, domin ita ce ke kunna shi ko makunni na kashe. Zare ta in an tashi. In za a ajiye fedal ɗin ya daɗe, musamman a watannin Afrilu da Mayu, cire pil ɗin gaba ɗaya. Kada ka yarda a huda akwatin tsoho don sa kafar adafta. Akwai ƴar waya mai kan pil da ake maƙalawa ba tare da huji ba.

Gurnanin kuma yawanci bobin ne ke zuƙar maganaɗisun taransifoma. Matsar da fedal ɗin taku biyu daga amfili, da na'urar daidaita wuta, da adaftoci, kada wayar jita ta kwanta tare da wayar gurup. In ya ragu da ka matsar, ba abin da ya lalace. In bai ragu ba, ɗaure notin kafofin biyu, don ta nan akwatin ke samun ƙasa.

Nafisa, ɗaliba a jami'a: Na gaji ɗaya wajen kawuna. Ina zan jona shi, kuma yaya ake taka shi?

Jita ta shiga kafar dama, ta hagu ta tafi fedal ɗin da ke ƙazanta sauti in kina da shi, daga nan sai amfili. In kin sa wah bayan mai ƙazanta sautin zai fi tsauri da tsiwa. Gwada duka biyun, kunne ne alƙali. Tsohon fuz, wani irin mai ƙazanta sauti mai taranzista biyu, yakan yi rigima da wah a gabansa, har wani lokaci ya yi fito, shi sai a sa shi farko.

Sautin na yawo ne tsakanin hez (awon kauri ko sirantar sauti) 350 da 2,200 ko kusa da haka, kuma yawancin zaƙin yana tsakiyar takun, ba a ƙarshen biyu ba. Kuskuren mai koyo shi ne taka shi tare da kowane bugun ganga, sai kiɗan ya zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Fara da sauti ɗaya mai tsawo, ki buɗe shi a hankali cikin ƙirga huɗu, ki rufe cikin huɗu. Sannan ki koyi tsayar da shi a rabi ki ɗauke ƙafa, hakan na sa jita ta fito fili tsakanin fiyano da kalangu ba tare da an ƙara mata sauti ba. In matakin na faɗuwa da kansa, mariƙin da ke danne sandar da yake lilo a kai ne ya saki, sai a ɗan ɗaure shi, kwatan juyi a kowane karo har ya tsaya inda kika bar shi.