Sautin yana jan jiki a MuseScore, yaya zan gajarta shi?

Tambaya: Malam, ni ke rubuta wa ƙungiyar mawaƙanmu kiɗa a MuseScore, manhajar rubuta kiɗa. Idan kwamfuta ta buga, sautukan sai su manne da juna kamar ba numfashi. Na maida su gajeru na sa hutu a tsakani, amma takardar ta cika da tarkace har mawaƙa suna ruɗewa. Mene ne mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, ka maida takardarka yadda take da farko. Tsawon da aka rubuta wa mawaƙi daban ne da tsawon da kwamfuta ke bugawa, kuma na biyun kaɗai kake buƙatar taɓawa.

Idan MuseScore 3 ke hannunka, ka danna maɓallin dama na linzami a kan gaɓar kiɗan, ka buɗe Piano Roll Editor. Ka zaɓi sautin, za ka ga akwatin Len. Lissafinsa da kashi dubu ake yi: 1000 cikakken tsawo ne, 500 rabi. Ga waƙar murya ina fara gwada 900, domin ɗan gibin nan ya isa kunne ya ji numfashi. Misali, a gudun bugu 120 cikin minti, sauti mai bugu ɗaya yana ɗaukar rabin daƙiƙa. Ka sa masa 500, sai ya yi rubu'in daƙiƙa, sauran ya zama shiru, sautin da ke biye kuma ya shigo a kan lokacinsa. Akwatin OnTime da ke kusa lokacin farawa yake motsawa, ka bar shi.

MuseScore 4, da ya fito a Disamba 2022, ya zo babu wannan taga, abin da ya ɓata wa da yawanmu rai. Dabarar da nake yi ita ce in ɗora wa sautin ɗigon sitakato (alamar gajarta sauti) da Shift+S, in zaɓi ɗigon, in danna V. Zai ɓuya daga takardar da za a buga, amma kwamfuta za ta ci gaba da gajarta sautin. Aibinsa kawai, ba kai ke zaɓar yawan ragin ba.

Kada ka nemi wannan gyara a wurin alamar famata, wadda ke sa a riƙe sauti fiye da tsawonsa. Ita jan lokaci take yi, tana tsayar da dukan muryoyi tare.

Idan aikinka ya dogara sosai ga yadda kiɗan ke fita a lasifika, ka ajiye MuseScore 3.6.2 a kwamfutarka, domin yana zama tare da na 4 ba rikici.